Wayar Hagu

Azumin bana ya faɗo mana a tsakiyar bazara, irin bazarar Parakou wadda ko inuwar mangwaro ba ta yi maka rana. Shekaranjiya ladan ya ɗaga murya ke nan, dabino na hannuna, sai wuta ta ɗauke. Jikokina suka saki salati sai ka ce mutuwa aka yi, wai salularsu babu caji. Ni kuwa dariya ta kama ni, daga dariyar sai ga hawaye. Suka ce, “Hajiya, lafiya?” Na ce lafiya lau, ku sha ruwanku. Ina za su gane? Azumi ne ya zagaya shekara talatin da 'yan kai, ya dawo daidai lokacin da na san shi, ya kuma tarar da ni a wannan gida namu na Zongo, a tsakar gidan nan dai.

A waccan shekarar mu uku ne manya a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa Inna. Maigidana ma'aikacin kamfanin wuta ne, cikin masu hawa falwaya, shi ya sa duk Zongo ba a ce masa komai sai Mai Kuran, don mu nan kuran muke ce wa lantarki. Ni Malam nake ce masa, mace ba ta kama sunan miji a gidanmu. Inna ma ba ta kama sunansa, ɗan farinta ne. Shekarata goma sha biyu a gidan ban taɓa jin ta kira shi ba. In ta matsu sai ta ce “mai hawa icen nan”. In kuma magana za ta yi masa, ni za ta duba ta ce, “Ke, gaya wa mijinki kaza,” alhali ga shi zaune a gabanta yana sauraro.

Inna 'yar Djougou ce kamar ni, kuma 'yar madugu. Tana ƙarama ta bi ayarin ubanta har Gwanja sayen goro, ta ga jakuna da idonta, ta taka hanyar da ƙafarta, kuma ba ta bari ka manta da haka. Bakinta da nawa sun zo ɗaya, ba mai ragawa wani. Amma wallahi ban taɓa son tsohuwa kamar yadda na so ta ba.

Tun kafin azumi ciwon ƙirji ya kama ta. A asibiti likita ya ce zuciyarta ce ta gaji, kuma babban abokin gabarta zafi ne, a ajiye ta inda iska ke motsi. Malam ya je kasuwar Arzèkè ya samo tsohuwar fanka shuɗiya, mai juya kai dama da hagu tana ƙara, muka kafa ta a bakin gadon Inna. In fankar nan na juyawa, Inna na numfashi. In ta tsaya, kafin a jima za ka ji ƙirjinta ya fara kuka, tana jan iska sama-sama, idonta ya firfito. Liman da kansa ya zo ya hana ta azumi, ya ce ta ciyar. Ta yi ta mita kwana uku, wai an mai da ita yarinya.

Zafin shekarar nan kuwa, tabɗi! Tun hantsi kwanon rufi yake fara ƙas-ƙas. Rijiyarmu ta ja baya har sai da muka ƙara wa guga igiya sau biyu, abin da ke fitowa ma rabinsa laka, sai an bar shi ya kwanta. Doyar bara ta motse ta fara tsiro, sabuwa kuwa ko zancenta babu. Da ba don dangin Inna na Kolokondé sun aiko da buhun busasshiyar doya ba, da ban san abin da za mu riƙa tuƙawa ba. Da sassafe nake jan ruwa kafin rana ta ɗaga, in jiƙa gero da wake, in yi shara, in yi wa Inna wanka. Da azahar kowa ya nemi siminti ya kwanta, leɓe ya bushe, yawu ya kafe, ko kaji ba sa motsi. Bayan la'asar Zongo take farkawa gaba ɗaya: mata mu yi layi a injin niƙa na Alhaji Mudi da ƙwaryar gasara da ta wake, mu dawo mu dama koko, mu ɗora kaskon ƙosai. Ƙamshin man nan yana shiga hancin mai azumi har cikinsa ya murɗa.

Sai magariba. Ladan zai kama lasifika, kowane gida a kunna ƙwan wuta, a kunna fanka, a kunna rediyo, masu firigo an cika shi da robobin zoɓo, ga injinan niƙa ba su tsaya ba saboda masu makara. Ladan zai kai “Hayya alas salah”, sai ɗif! Wuta ta tafi. Ya ajiye lasifikar ya ƙarasa da maƙogwaronsa. Kullum haka, kuma kusan a wuri ɗaya, har mutane suka fara riga shi yin shiru in ya zo gurin.

Ga sauran jama'a abin haushi ne kawai. Ga Inna kuwa lokacin ne mafi muni a yini. Kwano ya sha rana tun safe, da magariba yake amayo zafin cikin ɗaki. In na fito da ita tsakar gida, hayaƙin suya na gidajen unguwa duka ya shaƙe ta. Sai in yar da kokona in ɗauki mafici in yi ta yi mata fifita, ina jin kukan ƙirjinta. Malam kuwa dabino ɗaya yake jefawa a baki ya ɗauki jakarsa ya nufi bakin kasuwar unguwa, inda taransifo yake, wato babban tulun ƙarfen nan da ke raba wa Zongo wuta. A jikinsa akwai 'yar siririyar waya da suke kira fizibil, ita ke narkewa kullum, sai ya sa wata. Kafin wuta ta dawo, Inna ta sha wuya iya wuya.

Abin da ya fi ba mutane haushi, ba kowa wutar ke ɗauke wa ba. Gidan tela Bayarabe na kan kwana tar da haske. Gidan wani malamin lakwal, wato makarantar boko, mutumin kudu, tar. Har gidan matar nan mai sayar da burkutu a bayan unguwa, tar! Mu kuwa masu azumi muna cikin duhu. Nan fa magana ta tashi, wai Mai Kuran ya sayar wa baƙi da wutarmu. A layin niƙa wata ta faɗa a kunnena. Na ajiye ƙwaryata na yi mata tatas, na ce mutumin da ke shan ruwa a gindin falwaya, uwarsa na can tana neman numfashi, shi zai sayar da wuta? Sai da aka riƙe ni. Azumina na ran nan dai Allah ya karɓa, don na faɗi maganganu.

Ana cikin goman tsakiya, kwana biyu a jere wuta ba ta ɗauke ba. Zongo ta yi ta murna. Ni ma na ce wa Malam ashe ka gyara. Ya ce shi bai taɓa komai ba, kuma abin da ke damunsa ke nan. Washegari da hantsi ya je ya duba, ya dawo fuskarsa a murtuke, riƙe da wata murtukekiyar wayar tagulla mai kaurin ɗan yatsa. Ashe Alhaji Mudi ne ya sa aka cire fizibil aka ɗaura wannan, wai ita ba ta narkewa.

“Ai gara haka,” na ce. “Ga shi Inna ta huta kwana biyu.”

“Huta?” in ji shi. “Fizibil don ya mutu aka yi shi. In kaya ya yi wa taransifo yawa, shi yake narkewa don taransifo ya tsira. Yanzu na taɓa jikinsa, ko ƙwai ka fasa a kai zai soyu. Mai yana tsattsafowa ta gindi. Da an ƙara kwana biyu da ya ƙone ƙurmus. Kuma shef, shugabanmu a wurin aiki, ya gaya mini babu wani a ajiye, in wannan ya tafi sai an aiko daga kudu, wataƙila bayan damina, wataƙila baɗi.”

Na dubi ƙofar ɗakin Inna, ina jin ƙarar fankarta. Bazara da sauran wata guda cur, ko fiye. Ba ɗaukewar magariba ake magana ba yanzu, fankar ce za ta tsaya gaba ɗaya.

Ashe tana jinmu. Daga cikin ɗaki ta ce, “Ke, tambayi mijinki, tulun ne ya yi wa Zongo kaɗan?”

Malam ya matso bakin ƙofa ya durƙusa. Ya ce tulun bai yi kaɗan ba, zai iya ɗaukar unguwar har da saura. Ya fara zuba mata Faransanci, su faz ne, su surshaj ne. Ta ce, “Gaya masa ya yi mini Hausa, ban yi lakwal ba.” Sai ya ce ta tuna wayoyin da ke kan falwayar titinmu. Uku ne ke ɗauke da wuta, jere da juna: in ka fuskanci alƙibla, ɗaya a dama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a hagu. Kamata ya yi a raba gidaje a kansu daidai. To, da aka kawo wuta Zongo, masallaci aka fara ɗaura wa, a wayar dama. Daga nan duk maigidan da za a ja wa wuta sai ya kawo goro ya ce don Allah a sa shi a wayar masallaci, ya sha albarka, kuma wa zai yarda a kai gidansa hagu? Baƙi ne kawai ba su damu ba, aka sa su a sauran biyun. Shi ya sa tasu ba ta ɗaukewa.

Inna ta ce, “Wato kayan duka a gefe ɗaya yake?”

“A gefe ɗaya, Inna.”

“Wane sakarai ne ya yi wannan ɗauri?”

Malam ya sunkuyar da kai. Ni kuwa bakina bai iya shiru ba, na ce, “Na gidan nan dai shi ya ɗaura, Inna, kuma an ce ke kika tsaya a gindin falwaya kika ce in bai sa ki a wayar masallaci ba, ba ki yafe ba.”

Na zaci za ta wanke ni. Sai na ji ta ja tsaki, ta ce, “Haka aka yi.” Sannan ta ce in aika wa liman da dattawan unguwa cewa 'yar madugu jiki ya yi tsanani, a zo dubiya bayan la'asar.

Malam ya riga ya yi wa dattawan nan bayani sau biyu a ƙofar masallaci, ba wanda ya saurare shi. Amma dubiya ba a ƙin ta. Suka zo, liman da Alhaji Mudi da wasu biyar, na shimfiɗa musu tabarmi a ɗakin Inna na koma bakin ƙofa. Aka gaisa, aka yi addu'a. Suna shirin tashi ta ce su dakata.

“Alhaji Mudi,” in ji ta, tana magana tana hutawa, “ubanka ya kora jakuna a ayarin ubana. Na san shi, mutumin kirki. Kowace safiya kafin a tashi daga zango, ubana sai ya bi jakunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu ƙarƙashin mangala ya ɗaga dama, ya ɗaga hagu. In gefe ɗaya ya fi nauyi ko da ƙwarya ɗaya ta goro, sai an sauke an sake ɗauri, ko rana za ta yi tsaka. Don in an bar shi, kwana uku bayan jakin ya yi gyambo, kwana biyar ya durƙushe, ga kaya ga daji. To ina tambayarka. Da ubanka ya tattara goronsa duka ya ɗora a dama, wai dama ta fi albarka, da ya iso Djougou?”

Alhaji Mudi ya ce, “Haba Inna, wa zai yi haka?”

“Mu,” in ji ta. “Ni da kai da duk wanda ke ɗakin nan. Jikokin fatake, mun manta ɗaurin kaya. Jaki ɗaya gare mu a bakin kasuwa, mun ɗora masa Zongo duka a dama. Da ya yi kuka kuma, kai ka je ka ɗaure masa baki da tagulla.”

Kai, ran nan na ga manya sun rasa inda za su sa idonsu. Alhaji Mudi ya yi ta murza carbi. Liman ya yi gyaran murya ya ce shi dai bai taɓa karanta inda aka ce albarka na bin waya ba, kuma in haka ne a mai da masallaci tsakiya, tunda liman ma a tsakiya yake tsayawa. Nan take wani ya ce to shi ma a sa shi a tsakiyar. Inna ta galla masa harara.

“Ka ji irinta,” ta ce. “To ni a kai gidana hagu. Ni na fara cewa dama, ni zan fara komawa. Alhaji, injinka ɗaya zai biyo ni, ko kana jin kunyar zama maƙwabcin 'yar madugu?” Ya ce ya bi. Sannan ta juyo gare ni, “Ke, gaya wa mijinki ya bi gida-gida ya ɗaga kayan kowa, ya raba yadda ya ga daidai. Wanda ya ƙi a turo mini shi.”

Kwana biyu Malam yana zagaye da takarda, yana duba mai fanka, mai firigo, mai dutsen guga. Amma akwai abin da ya hana shi sakewa. Ba a taɓa wayoyin nan da wuta a jikinsu. Dole a kashe taransifo tun safe har a gama, yini guda cur babu fanka, a cikin wannan zafi. Ya roƙe ta a kai ta asibiti ta yini. Ta ce in ta bar gidan za a ce 'yar madugu ta ɗora wa mutane abin da ita ta gudu, babu inda za ta. Ni ma na roƙa har da kuka. Ko a jikinta.

Ranar aikin gari ya waye da wani irin gumi, hadari ya taru a gabas ya tsaya cak, ba iska ko ta kaɗa ganye. Malam da abokan aikinsa uku suka kashe wuta suka fara hawa. Mazan unguwa suka fito da adduna, don ya ce tunda an kashe, a sare rassan mangwaro da na darbejiya da ke shafar wayoyi kafin iskar farkon damina ta zo ta haɗa su. Mangwaro ya fara nuna, masu bishiya suna kallo ana sare musu rassa da 'ya'ya, suna haɗiye baƙin ciki. Kowa da azumi a bakinsa.

Ban kira kowa ba, amma tun hantsi mata suka fara shigowa, kowace da maficinta ko faifai. Ta farko ita ce wadda na zaga a layin niƙa. Ta zauna a gefen gado ta fara fifita. Biyu-biyu suke yi, in hannu ya gaji wasu su karɓa. Matar tela Bayarabe ta kawo tulun ruwan sanyi daga randarta, muna jiƙa zane muna shimfiɗa wa Inna a ƙirji, muna yayyafa wa ƙasa. Har azahar tana tsokanarsu, wai wannan fifitarta kamar mai korar ƙuda, waccan kuma za ta tashi da ita sama. Bayan azahar ta daina magana.

La'asar sakaliya abin ya juye. Numfashin ya koma guntu-guntu, leɓenta ya yi baƙi, ta kama hannuna ta matse. Mata suka fara salati. Na fita a guje ko mayafi ban ɗauka ba, na sami Malam a saman falwaya ta uku daga gidanmu, ɗaure da bel, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na ɗaga kai na ce, “Malam, sauko! Je ka kunna wutar nan, Inna za ta tafi!”

Ya dube ni daga sama. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, “Akwai mutane biyu a kan waya can gaba, in na kunna na kashe su. Saura gida huɗu. Koma wurinta.”

Na ce masa abin da ba zan maimaita ba. A tsakiyar titi, a gaban maza. Ya juya ya ci gaba da murɗa wayarsa. Na koma ina kuka na ƙwace mafici daga hannun wata. Mu huɗu muka kewaye ta yanzu, muna kaɗawa iya ƙarfinmu, ba mai tunanin koko ko ƙosai, ran nan rabin gidajen Zongo ba a ɗora kasko ba. Ina fifita ina cewa, Inna ki jira, saura gida huɗu, saura uku, ban ma san ko tana jina ba.

Rana ta yi ja. Sai fankar nan ta yi ƙar, ta motsa kai, ta fara juyawa. Muka matso da ita daf da fuskarta. Daidai nan ladan ya kama lasifika. Wallahi duk ɗakin ba mai motsi, kowa ya kasa kunne. Na ji ana kunna rediyo a maƙwabta, na ji injin Alhaji Mudi ya tashi. Ladan ya zo “Hayya alas salah”, na runtse ido. Ya wuce. “Hayya alal falah.” Ya wuce. Ya kai har ƙarshe a cikin lasifika, fanka na ta juyawa. Daga titi muka ji maza sun ɗauki kabbara.

A hankali kukan ƙirjin ya fara lafawa. Matsar da ta yi wa hannuna ta sassauta. Malam ya shigo da bel ɗinsa a ƙugu, tafin hannunsa duk ya yayyanke, ko ruwa bai sha ba, ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba. Inna ta buɗe ido. Na matso don in karɓi saƙo in miƙa masa kamar kullum. Ba ta dube ni ba. Shi ta duba, ta kira sunansa, sunansa na yanka, ta ce, “Sannu. Ka iya ɗauri.”

Namiji mai shekara arba'in da wani abu, ya kifa kai a dokin ƙofa yana kuka kamar yaro. Matan da ke ɗakin duk suka sunkuyar da kai. Ni na kawo masa ruwa, na ce ya yafe mini abin da na faɗa a titi. Ya ce shi bai ji komai ba, yana sama.

Kwana huɗu bayan haka hadarin ya sauko, da la'asar, da iska mai tsanani. A wasu unguwanni rassa suka faɗa kan wayoyi, aka kwana biyu ana gyara. Tamu ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na buɗe wa Inna taga, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo, ta ja shi har cikin ƙirjinta ta ce alhamdu lillahi. Ta ga Sallah, ta ci sabuwar doyar Kolokondé, ta ƙara damina biyu a duniya tana yi mini faɗa. Sunan nan kuwa ba ta sake kamawa ba har ta koma ga Allah. Shi ma Malam ya bi ta, yau shekara tara. Allah ya jiƙansu, ya saka wa matan nan da suka ba ta iskar hannunsu, da yawansu su ma sun tafi.

Yanzu Zongo ta cika ta batse, gidan sama ko'ina, na'urar sanyaya ɗaki har a shaguna, taransifo uku a unguwar kuma duk suna nishi. Jiya da hantsi ma'aikacin kamfanin wuta ya zo saboda ɗaukewar shekaranjiya, ya ce layinmu kaya ya yi masa yawa, za su sake raba gidaje. Na ce to ni a bar ni a hagu. Ya yi dariya ya nuna mini sama, ya ce, “Hajiya, ai yanzu babu dama babu hagu, duk an tufke su igiya ɗaya.” Na duba, haka ne kuwa, baƙar igiya guda kamar kitso. Na ce to ya auna ya ga wadda kowa ya guje wa, wadda ba ta da kaya, ya ɗaura ni a can. Ya ce da kowa zai faɗi haka da sun huta.

Ya ciro takarda zai rubuta, ya ce, “Sunan wa ke kan kwantar gidan, mitar wutar nan?”

Na waiga ko akwai wani cikin jikokina da zai faɗa masa, duk sun shige ɗaki. Na dubi dokin ƙofar nan, yana nan inda yake. Shekara arba'in da 'yan kai ban kama sunan nan da bakina ba, sau ɗaya tak na ji mace ta faɗe shi a gidan nan.

Na ce, “Rubuta Haruna.”